Yadda Kwamfutata Ta Ba Surukata Injin Niƙa

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba a Adogi ba, ko da kuwa tsufa zai sa in manta hanyar gidanmu. Ranar ce na tsaya a gaban mata fiye da arba'in, ga mai unguwa, ga shugabar ofishinmu, ga kuma uwar mijina, ina roƙon Allah a zuci ƙasa ta tsage in shige. Ƙasa kuwa ko motsi ba ta yi ba. (Wanda ya san ƙasar Adogi da bazara ya san ko fartanya sai da lallashi take shigar ta, balle mutum sukutum.)

Bari in ɗauko muku daga tushe. Ina aiki a wani ƙaramin ofishi a cikin garin Lafia, na wani shiri da ke tallafa wa matan karkara da kiwon kaji. A takarda sunan aikina mai tsawo ne, amma a gaskiyar magana ni ce mai buga takardu. Ana cikin haka sai na shiga wani kwas na wata uku, Asabar-Asabar, a wani shago can wajen Shabu, inda wani malami ke koyar da Python, wato ɗaya daga cikin yarukan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su. Okada nake hawa tun daga Akurba, in je in dawo, gyale na tashi a baya kamar tuta. Tun ranar da na sa kwamfuta ta rubuta "Sannu da zuwa" bisa umarnina, kaina ya kumbura. Na fara yi wa abokan aikina kallon tausayi. Ko maigidana bai tsira ba, don har gyara masa riƙon waya nake yi.

Shi shirin namu mai sauƙi ne. Ana ba kowace mace 'yan tsaki hamsin, a koya mata rigakafi da haɗa abinci, bayan shekara guda a dawo a ƙirga. Wadda garkenta ya fi na kowa yawa, har da waɗanda kajin suka ƙyanƙyashe, ita za a ba sabon injin niƙa. Kada ku raina kyautar nan. A ƙauye, macen da ke da injin niƙa ta gama da roƙon kowa.

To amma a wani ƙauyen da aka yi irin wannan rabon kafin namu, da rigima aka tashi. An ce ma'aikatanmu sun yi son kai, sun ba 'yar'uwar wani. Maganar ta kai har wajen masu ɗaukar nauyin shirin, suka ce in aka kuma, sun janye. Saboda haka shugabarmu, Madam Rifkatu, ta kasa zaune ta kasa tsaye da rabon Adogi ya ƙarato. A taron ofis ta ce a ba ta shawara. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa, da yake an ce baki shi ke yanka wuya, sai na ɗaga hannu.

Na ce, "Madam, ki bar wa kwamfuta wannan aikin. Zan rubuta ɗan shiri, a shigar da sunan kowace mace da yawan kajinta a gaban jama'a, ita kwamfutar ta gwada wannan da waccan ta fitar da ta ɗaya. Ba hannun mutum a ciki."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Kai, ka tabbata wannan abu zai yi aiki?" (Madam 'yar Eggon ce, a Hausarta babu "ke", kowa "kai" ne, har jaririya.)

"Ƙaramin aiki ne, Madam."

"Abeg, ba na son wahala fa. Kuma na ji mamar mijinka yana cikin matan Adogi."

Na yi 'yar dariya. "Iya? Ai kajinta tara kacal suka rage. Ko kusa da layin ba ta zo ba."

Gaskiya na faɗa. Maigidana ɗan Adogi ne, a lokacin watanmu bakwai da aure. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, Bagwandariya ce mai kamun kai, ba ta da yawan magana, kuma har lokacin ban gama sanin matsayina a zuciyarta ba. In mun je gaishe ta sai ta ce, "Amarya, ya ofis?" ta wata irin murya da ba ka sanin yabo ne ko tambayar wa ke yi wa ɗanta tuwo. Kajinta kuwa, ciwo ya ɗebi wasu da damina, sauran kuma, in faɗa muku gaskiya, a bikina suka ƙare. Duk baƙon da ya ci cinyar kaza a Adogi ranar da aka kai ni, cikin hamsin ɗin shirinmu ya ci.

Kwana biyu na yi ina rubuta shirin, duk da bai wuce layi ashirin ba. Na gwada shi kuwa, kada a ce ban gwada ba. Na ƙirƙiro sunaye, na ba wannan 45, waccan 62, wata 78, wata 30. Ya jero su tsaf, babba a sama. Na sake da wasu lambobin, 51, 90, 23, ya sake jerowa daidai. Na kira Madam ta gani, na kira direba ya gani, har mai kawo mana ruwan leda sai da na nuna mata. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in saka lamba guda tilo ba, ko mai hawa uku.

Ranar Laraba tun da asuba nake cikin fargaba. Ba don ina shakkar aikina ba, a'a, wannan ai na yarda da shi fiye da yadda ya kamata. Tsorona kada batir ya ƙare, ko laftof ɗin ofis ya ƙi tashi, don tsoho ne, sai an danna an yi addu'a. Muka isa wajen ƙarfe goma, an kafa rumfa a gindin wani babban mangwaro, an jera kujerun roba. Ga injin can a gefe, an ɗaura masa jan ƙyalle kamar ragon suna. Janareta ɗaya ce, soket ɗinta ɗaya, lasifika ta riga ni. Na zauna a teburin gaba kusa da mai unguwa, na buɗe laftof da wani irin salo, na gyara zaman gyale. Iya tana layi na biyu. Na je na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta ce, "Allah ya taimaka, Amarya." Matan da ke kusa da ita suka ce, "Iya, wannan ce matar ɗanki mai kwamfuta?" Ta ce, "Ita ce." Wallahi na ga alamar murmushi a bakinta, kuma na ji daɗi har tafin ƙafata.

An riga an bi gida-gida an ƙirga kajin tun satin da ya wuce, da shaidu. Saboda haka aikin ranar shi ne Madam ta kira suna da adadi a lasifika, mai sunan ta ce haka ne, ni kuma in buga. Haka aka yi ta yi. Wata saba'in da tara, wata takwas, wata tamanin da bakwai, wata goma sha biyar. Da aka zo kan Iya aka ce tara, ta ce, "Haka ne," ba tare da ta ɗago kai ba. Aka kira wata mai ɗari da huɗu, wuri ya ɗauki tafi. Can kusa da ƙarshe Madam ta ce, "Goggo Adama, ɗari da goma sha biyu."

Wata dattijuwar Bafulatana ce, siririya, daga rugar da ta zauna bayan rafi shekara da shekaru. Ita kaɗai ce daga rugarsu a cikin shirin, kuma can ƙarshen rumfa ta zauna a kan tabarmarta, ba ta hau kujera ba. Ta ce "haka ne" a hankali, kamar mai tsoron kada a ji. Wasu suka tafa, wasu suka haɗiye miyau. Amma kowa a wurin, har awakin da ke cin ɓawon mangwaro, ya san wadda ta ci inji. Ba a bukatar kwamfuta. Yatsun hannu ma sun yi yawa.

Duk da haka Madam ta miƙe ta yi jawabi. Ta ce, "Mata, ku ji da kyau. Ba ni zai zaɓa ba, ba mai unguwa zai zaɓa ba. Wannan kwamfuta ba shi da mama, ba shi da baba, ba shi da ƙabila. Abin da ya faɗa, shi ke nan, ba canji." Aka yi tafi. Mai unguwa ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla da zamani." Ni kuwa na ɗaga yatsa sama, na ɗan dakata don a gani, sannan na danna.

Sunan Iya ne a sama.

Da farko na zaci idona ne. Na ƙifta, na matso da fuska. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: ta ɗaya, sunan uwar mijina, kusa da shi 9. (Ba zan rubuta sunan ba ko a nan. Ban taɓa furta shi ba tun da na shigo gidansu, ba kuwa a takarda zan fara ba.) Na kai hannu zan rufe allon, na buɗe baki zan ce a dakata. Madam ta riga ni. Ta leƙo ta saman kafaɗata da makirfo a baki, cikin zumuɗi, ta karanto sunan da ƙarfi har sau biyu kafin ƙwaƙwalwarta ta cim ma bakinta.

Na ji shiru iri-iri a rayuwata, ban taɓa jin irin wannan ba. Janareta kaɗai ke magana.

Sai wata daga baya ta ce, "Wace? Mai tara?"

Wata ta amsa mata, ba ta ko rage murya ba, "To ba matar ɗanta ce ke danna abin ba?"

Shi ke nan wuri ya yamutse. Wannan na magana da Gwandara, waccan da Hausa, wata na tafa hannu tana salati. Wani mutum cikin 'yan kallo ya ce, "Ashe kwamfutar ma tana da suruka!" Aka kwashe da dariya, irin dariyar da ba ta daɗi ba ce. Madam ta kashe makirfo ta sunkuyo kunnena. "Me ka yi? Me ka yi mini?" Na ce, "Madam, wallahi ban sani ba, bari in sake." Na sake. Iya. Na kashe shirin na kunna, na sake. Iya. Kwamfutar nan ta tsaya kai da fata kamar wadda aka ba rantsuwa.

Mai unguwa ya ce, "'Yata, karanto mana ta biyu da ta uku mu ji." Na karanto da murya kamar ta sauro: mai tamanin da bakwai, mai tamanin da huɗu. Ya ce, "To ina mai ɗari da goma sha biyu?" Na gangara ƙasa, na yi ta gangarawa. Goggo Adama ce ta biyun ƙarshe, a ƙarƙashin mai kaji goma sha biyar. Ta ƙarshe kuwa ita ce mai ɗari da huɗu. Wato matan biyu da suka fi kowa ƙoƙari, su na kai wutsiya.

Ina jin bakina yana cewa, "Ina ganin zafi ne ya yi wa injin yawa." Sannan na ce ko bairos ne, cutar nan da ke kama kwamfuta. Allah ya yafe mini, har janareta na so in ɗora wa laifi, alhali laftof ɗin ba a jikinta yake ba.

A nan ne Iya ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa ma kowa ya yi tsit don ya ji. Ta ce, "Mai unguwa, ni kajina tara ne. Kowa ya sani, Allah ma ya sani. Ban roƙi kowa inji ba." Sai ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Amarya, shekarata sittin da wani abu a garin nan ba a taɓa nuna ni da baki ba. Me na yi miki?"

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Hawaye ya cika idona, na ce, "Iya, wallahi tallahi..." Can ƙarshen rumfa kuma na hango Goggo Adama tana naɗe tabarmarta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Wata ta ce mata ta tsaya, ta ce, "A'a, ba komai. Da ma na faɗa wa 'ya'yana kada su sa rai." Ta ɗora tabarma a ka ta kama hanyar rafi.

Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Na ga aikina ya tafi, don kwantiragina saura wata biyu a sabunta. Na ga shirin kajin gaba ɗaya ya rushe a dalilina. Na ga kaina ina shiga gidan surukai har ƙarshen rayuwata a matsayin wadda ta jawo wa Iya sunan ɓarauniya. Ga kuma wannan baiwar Allah da ta yi shekara tana kwana da kaji a rai, za ta koma ruga ta tabbatar wa 'ya'yanta abin da da ma suke zato game da mutanen gari. Na duba kusurwar allo, batir ya koma ja.

Na ce wa kaina, ke, kuka ba zai fisshe ki ba, dubi abin nan da kyau. Na share ido da gefen gyale na bi jerin daga sama: 9, 87, 84, 8, 79, 76. Na tsaya. Me takwas ke yi tsakanin tamanin da huɗu da saba'in da tara? Na ci gaba. Duk masu farawa da bakwai wuri guda, masu farawa da shida wuri guda, har zuwa ƙasa inda masu farawa da ɗaya suka taru: 15, 112, 104. Sai na ga abin ya yi mini kama da rajistar makaranta, inda duk masu suna da harafin A ke gaba, na B su biyo, ba ruwan rajista da wa ya fi wani tsawo ko shekaru. Kwamfutar ba ƙirga kaji take yi ba. Jera sunaye take yi. Ta dubi 9 ta dubi 112, ta gwada harafin farko da harafin farko, ta ga tara ta fi ɗaya, ta rufe shari'a, ba ta ko waiwayi sauran ba. Abin da ya sa gwajina na ofis ya tafi daidai, duk lambobin da na saka tsawonsu ɗaya ne.

Sai kuma na tuna. Akwai Asabar ɗin da ban je aji ba, na tafi wajen tela gwajin ɗinkin bikina. Wata da muke kwas tare ta ɗauki hoton allo ta turo mini, ta ce malam ya ce wannan darasin kada kowa ya yi wasa da shi. Na amsa mata da "na gode" ban ko buɗe ba.

Na zaro waya. Ku yi tunanin yadda abin ya kasance a idon jama'a: gari na ci da wuta, uwar mijina na tsaye, ni kuma na sunkuya ina latsa waya ina wuce hotunan leshi da na lalle da na kaina ina murmushi gefe-gefe. Madam ta ce, "Yanzu ne lokacin waya? Kai, ka haukace?" Na ci gaba da nema. Don sauri, hotunan wata uku nake wucewa a jan yatsa ɗaya. Can tsakanin hoton takalmi da na akwatunan lefe na same shi. Rubutun malam ne, ya ja layi biyu a ƙarƙashi: duk abin da mutum ya buga da hannunsa, kwamfuta rubutu take ɗaukar sa, ko da lamba ce. In kana so ta gwada girma, sai ka mayar mata da shi lamba tukuna. A ƙasa ya rubuta kalmar da ke yin wannan aikin, int. Harafi uku.

Harafi uku, jama'a. Su ne tsakanina da mutuncina.

Allah ya taimake ni shirin yana adana sunayen, ba sai na sake shigar da mata arba'in ba. Na je layin da ake gwada wannan da waccan, na saka kalmar a gaban kowane adadi, na danna. Jan rubutu ya cika allo. Mai unguwa, wanda duk wannan lokacin yana leƙe, ya ce, "Wannan jan fa, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe," alhali jan rubutu kuskure yake nufi. Baka guda, irin wadda ake saka kalma a ciki, na manta ban rufe ba. Na rufe, na yi bisimilla a fili, na danna.

Goggo Adama, 112. A ƙarƙashinta mai 104. Iya can ƙasa, ta biyun ƙarshe, inda Allah ya ajiye ta.

Na ce, "Madam, ya gyaru!" Ta dubi allo ta dube ni, ba ta yi murmushi ba. Ta kunna makirfo ta ɗora mini a hannu. "Kai ka ɓata, kai za ka faɗa musu."

Na miƙe. Na yi sallama, mutum uku suka amsa. Na fara da dogon bayani, ina cewa rubutu, ina cewa lamba, ina ganin fuskokin mutane suna ƙara haɗewa. Wata tsohuwa ta katse ni. "'Yar nan, yi mana ta gajeriyar hanya. Injin naki bai iya lissafi ba ne?"

Ga ƙofa an buɗe mini. Da na ce "e", da an zagi kwamfuta an bar ni. Na dubi Madam da ta gama rantsuwa da ita a gaban jama'a, na ce, "Ya iya, Baba. Ni ce ban iya ba. Ban gaya masa lamba nake ba shi ba, sai ya riƙa duban ta farko kawai, ya ga tara ta fi ɗaya. Iya ba ta san komai ba, Madam ba ta sani ba. Ranar da aka koyar da wurin nan ban je makaranta ba, na tafi wajen tela."

Ban san abin da ya sa na ƙara maganar tela ba. Amma ita ce ta cece ni. Wata ta fashe da dariya, wata ta kama, kafin ka ce me rumfa duk ta ɗauka, wannan karon dariyar gaske, har da masu riƙe ciki. Tsohuwar nan ta ce, "To ɗinkin dai ya yi kyau ko?" Na ce, "Ya ɗan matse ni a hannu." Aka sake kecewa.

Mai unguwa bai yarda a tsaya nan ba. Ya ce tunda inji ya faɗi magana biyu, sai an bi takarda da ido. Shi da Madam suka bi jerin ɗaya bayan ɗaya a fili, bai ɗauke su minti biyar ba. Sai a lokacin na lura kujerar Iya ba kowa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan ta yi fushi ta tafi gida. Ashe tun ina fama da hotunan leshi ta zame ta bi hanyar rafi. Can sai ga su sun ɓullo ta bayan mangwaro, Iya na gaba riƙe da tabarmar Goggo Adama, ita kuma tana biye tana cewa, "Ki bari mana, ni ban ce komai ba." Iya ta kai ta har gaban inji, ta ce, "Kama abinki. Naki ne tun kafin a kunna wancan." Goggo Adama ta ɗora hannu a kan injin. Matan gari suka rangaɗa mata guɗa, har da waɗanda suka haɗiye miyau da farko. Daidai lokacin laftof ɗina ya mutu, ba wanda ya yi masa ta'aziyya.

Muka kamo hanyar Lafia a mota. Sai da za a sauke ni a mahaɗar Akurba Madam ta ce, ba ta ko juyo ba, "Ran Litinin ka kawo wannan abu. Za mu gwada shi da ɗaya, da goma, da dubu, da sifiri. Sai na gaji kafin ya sake fita ofis." Na ce to. Ba ta kore ni ba, amma ta sa na rubuta bayanin abin da ya faru shafi biyu, kuma ta karanta shi a taron ofis da muryarta, a hankali, tana maimaita wajen telan.

Ranar Larabar nan kuwa, ina shiga gida na tarar da maigidana a tsakar gida riƙe da waya, yana ta ƙoƙarin haɗe fuska. Mutum huɗu sun riga sun kira shi daga Adogi. Ya ce, "Sannu da aiki. Ina injin namu?" Na wuce ɗaki na rufe ƙofa.

Ran Lahadi na ce ya kai ni in ba Iya haƙuri. Tun daga Lafia nake haɗa kalmomi, muna isa suka watse. Na durƙusa na ce, "Iya, ki yafe mini." Ta daɗe tana gyaran wake a faifai kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "An gaya mini abin da kika faɗa a gaban jama'a bayan na tafi. Da kin tsaya a kan laifin inji ne, da na san irin matar da ɗana ya auro. Tashi." Na miƙe. Ta ce, "Kazata ɗaya ta yi ƙyanƙyasa jiya. Je ki bayan ɗaki ki ƙirgo mini 'yan tsakin. Da baki, Amarya, ina ji daga nan."

Haka na tsuguna a bakin akurki, da digirina da kwas ɗina na wata uku, ina ɗaya, biyu, uku da ƙarfi, ita da maigidana suna dariya a tsakar gida. Sha ɗaya ne. Sau biyu na ƙirga.

Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kam na ɗaura shi na ji yadda yake shaƙewa. Yanzu duk abin da zan karɓa daga hannun mutum in ba kwamfuta, sai na tsaya na tambayi kaina, wannan rubutu ne ko lamba? In na zo gwaji kuma, ba na zaɓen lambobin da za su faranta mini rai, waɗanda za su iya kunyata ni nake nema, gara su kunyata ni a ofis ni kaɗai. Sai dai darasin bai zo kyauta ba. Har yau in na sauka daga okada a Adogi, tun daga bakin masallaci mata ke ɗaga mini hannu suna cewa, "Sannu da zuwa, Tara-ta-fi-ɗari!"

Da farko nakan yi kamar ban ji ba. Yanzu amsawa nake yi.